Likita ya ce homon ya yi yawa, takarda ta ce ya yi ƙasa: wanne ne gaskiya?

"Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 31, na haihu wata bakwai ke nan, ina shayarwa. Kusan wata uku ina ta ramewa alhali ina cin abinci fiye da da. Gabana yana bugawa ko ina zaune, hannuna na rawa, ga zufa ko ana sanyi, barci ya ƙaurace min, abu kaɗan sai in hau faɗa. An yi min gwajin jini, likita ya ce homon ɗina ne ya yi yawa. Amma da na duba takardar sai na ga wani abu da aka rubuta TSH bai kai 0.01 ba, har an sa masa alamar ya yi ƙasa. To yawa ya yi ko kaɗan? Shi kansa homon ɗin mene ne? Wata ƙawata ta ce in sayi maganin daidaita homon da ake talla a intanet, in sha? Kuma sai na yaye yaron?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana yaro. In na fahimce ki da kyau, abin da ya fi ɗaure miki kai shi ne saɓanin da kika gani tsakanin bakin likita da takardar gwaji: shi ya ce yawa, ita ta ce ƙasa. Maganar maganin intanet da ta yaye duk a jikin wannan suke rataye. To likitanki bai yi kuskure ba, takardar ma ba ta yi ƙarya ba. Homon biyu ne daban, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, kuma saukar na biyun ita ce ta tona hawan na farkon. Amma kafin maganar ta zauna miki sosai, sai mun ɗan koma baya.

Shi kansa homon

Jiki yana da hanya biyu ta aika saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Ta farko ita ce jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka, kuma hanyar gaggawa ce: kin taɓa abu mai zafi, kafin ki ankara hannu ya janye. Ta biyu ita ce jini. Akwai wasu 'yan tsokoki a wurare daban-daban na jiki, mukan ce musu gilan, aikinsu haɗa sinadari. Wasunsu suna da bututu da suke fitar da abin da suka haɗa, kamar masu yin yawu da hawaye da zufa. Wasu kuwa ba su da bututu, kai tsaye suke tsiyaya nasu cikin jini, jini ya ɗauka ya zaga da shi ko'ina. Wannan da aka tsiyaya cikin jini shi ne homon. Saƙonsa ba ya sauri kamar na jijiya, amma yana daɗewa, wani awa guda, wani kwanaki, wani kuma, kamar na balaga, aikin shekaru yake yi.

Za ki ce, tunda jini ko'ina yake zuwa, ta yaya saƙon ke gane mai shi? Kowane homon kamar mabuɗi yake, ƙwayoyin jiki kuma suna da kwaɗo. Mabuɗin zai bi ta gaban kowace ƙofa, amma inda kwaɗon ya dace da shi nan kaɗai yake buɗewa. Riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

A 1902 ne wasu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka nuna haka a fili. Sun yanke jijiyoyin da ke zuwa wani yanki na hanjin kare, suka zuba ruwa mai tsami a cikinsa, sai ga wata gilan mai suna fankiriyas, wadda ke wani wuri daban, ta fara fitar da ruwan narkar da abinci. Babu jijiya, amma saƙo ya isa, ke nan ta jini ya bi. A 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan manzanni suna homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa. Abin mamaki, adadinsu a jini ƙanƙani ne ƙwarai, har sai wajen 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson a Amurka suka gano hanyar auna su daidai, aikin da ya sa aka ba Yalow lambar Nobel a 1977. Takardar da ke hannunki jikanyar wannan aiki ce.

Homon ɗin jikin ɗan Adam sun haura 50, shi ya sa kalmar "homon ɗina ya rikice" ba ta gaya wa likita komai sai an ce wanne. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira haifotalamos, a ƙarƙashinsa kuma fituwitari ke rataye, nauyinta wajen rabin giram, amma ita ke ba gilan da yawa umarni. Daga gare ta furolaktin ke fitowa, mai sa nononki ya yi ruwa, da oksitosin mai tunkuɗo ruwan idan yaro ya kama. A kan kowace ƙoda akwai adirinal zaune kamar hula, tana yin kotisol da adirenalin, masu shirya jiki lokacin wahala ko firgici, da wani mai kula da gishirin jiki. A bayan tumbi fankiriyas take, tana yin insulin, wanda rashinsa ko ƙin jin maganarsa ke kawo ciwon suga. Ma'ajiyar ƙwai ta mace tana yin istirojin da furojestaron, 'ya'yan maraina suna yin testostaron. Mabiyiya ma, lokacin da kike da ciki, gilan ce ta wucin gadi, kuma homon ɗinta ne gwajin ciki ke kamawa a fitsari. Duk waɗannan na bi ta kansu da sauri ne, domin naki yana wuya.

Mahayi, ƙaimi da doki

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da tudun maƙogwaro, akwai gilan mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta giram 15 zuwa 25 a jikin babba. Sunanta tayirod. Tana tsinto sinadarin aidin daga jini ta haɗa homon biyu, T4 da T3. Lambobin nan ba ado ba ne, adadin aidin ɗin da ke maƙale a jikin kowanne suke nunawa. Mafi yawan abin da take fitarwa T4 ne, wanda yake kamar ajiya, sai hanta da ƙoda da sauran sassa su cire masa aidin ɗaya ya koma T3, mai ƙarfin aiki. Kusan babu ƙwayar jikin da ba ta da kwaɗon wannan mabuɗi. Shi ke yanke saurin da jiki zai yi tafiya da shi: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, ƙona abinci, har saurin tunani.

Yanzu ki ɗauki tayirod a matsayin doki, fituwitari mahayi, TSH kuwa, wato homon ɗin da fituwitari ke aika wa tayirod, shi ne ƙaimi. Kowane lokaci mahayin yana ɗanɗana jini ya ji nawa ne T4 da T3 a ciki. Idan doki ya yi sanyi, sai ya ƙara ƙaimi, TSH ya hau. Idan doki ya kwasa da gudu fiye da ƙima, sai ya janye ƙafa gaba ɗaya, TSH ya faɗi. A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na lafiyayyen babba yana tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka. Naki bai kai 0.01 ba, wato mahayin ya daina taɓa dokin kwata-kwata, amma dokin bai tsaya ba. Wannan shi ne abin da likitanki ya karanta. In kin sake duba takardar, mai yiwuwa za ki ga wani layi na T4 ko T3 da alamar ya yi sama.

Shi ya sa ba ma karanta lamba ɗaya ita kaɗai. TSH a ƙasa, T4 a sama, doki ne ya ƙwace. TSH a sama, T4 a ƙasa, doki ya gaji ana ta zuba masa ƙaimi a banza. In kuwa duka biyun suna ƙasa, to matsalar ba ta doki ba ce, mahayin ne ya yi barci, sai mu koma binciken fituwitari, musamman ga macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa kuma nono ya ƙi zuwa. Ko maƙoƙon da rashin aidin ke kawowa wannan lissafin ne: babu kayan aiki, homon ya yi kaɗan, mahayi yana ta ƙaimi shekara da shekaru, gilan ɗin tana ta girma don ta cika umarni. Da ƙasar Siwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, maƙoƙon da ya addabi mutanen tsaunukanta ya ja baya cikin 'yan shekaru.

Duk abin da kika lissafa kuwa gudun dokin ne. Jiki yana ƙona abinci fiye da yadda kike ci, sai rama. Ƙonawar tana fitar da zafi, sai zufa. Homon ɗin yana sa zuciya da jijiyoyi su riƙa jin adirenalin fiye da ƙima, sai bugun gaba da rawar hannu da rashin barci da saurin fushi. Wannan na ƙarshe ki gaya wa maigida da mutanen gida: ba hali kika canza ba.

Wa ya zaburi dokin?

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan ne aikin likita na gaske yake, domin ga mace mai wata bakwai da haihuwa akwai dalilai biyu da suke kama da juna a takarda amma maganinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne cutar Graves, da aka sa mata sunan Robert Graves, likitan ƙasar Ailan da ya bayyana ta a 1835. A nan garkuwar jiki ce ta yi kuskure ta ƙera wani sinadari mai siffar TSH, wato jabun mabuɗi da yake shiga kwaɗon tayirod daidai. Bambancinsa da na gaskiya shi ne ba ya jin umarnin kowa. Mahayi ya janye ƙaimi, amma wani ɗan kutse ya ɗare bayan dokin yana ta tsula masa bulala. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, takan bi dangi, kuma tana son shekarar farko bayan haihuwa. Dalili kuwa, lokacin ciki garkuwar jiki takan lafa don kada ta yaƙi ɗan da ke ciki, in an haihu sai ta farfaɗo, wani lokaci ta wuce gona da iri. Wasu masu ita idanunsu kan firfito, ko su ji kamar akwai yashi a ciki, wuyan kuma ya kumbura bai ɗaya, sumul.

Na biyu shi ne kumburin tayirod na bayan haihuwa, wanda ke samun kamar mace ɗaya cikin 20. A nan babu mai bulala. Ita tayirod, ba kamar sauran gilan ba, tana tara homon na makonni da yawa a cikin 'yan jakunkuna. Idan garkuwar jiki ta far mata ta kumbura, sai jakunkunan su tsage, ajiyar ta kwarare cikin jini lokaci guda. A takarda za a ga TSH a ƙasa T4 a sama, tamkar Graves. Amma ajiya ce ta zube, ba sabon aiki ake yi ba, don haka bayan wata ɗaya zuwa uku abin yakan lafa da kansa. Daga nan sau da yawa sai a faɗa ɗaya ɓangaren: kasala, jin sanyi, ƙiba, taurin bayan gida, baƙin ciki. Yawanci sukan warke cikin shekara ko shekara da rabi, wasu kuma tayirod ɗinsu ba ta komawa daidai har abada.

Akwai wasu dalilan, kamar ƙulli a cikin gilan ɗin da yake aikin gaban kansa, wanda ya fi yawa ga masu manyan shekaru, ko wani magani da mutum ke sha. Amma a wurinki waɗancan biyun ne a gaba. In za ki tambaye ni inda zuciyata ta karkata, wata uku cur ba tare da sassauci ba, ga rama sosai, ya fi kama da Graves. Sai dai karkata ba hukunci ba ce. Akwai gwajin jini da ake rubutawa TRAb, wanda ke neman jabun mabuɗin nan kai tsaye. In an same shi, Graves ce. In gwajin bai samu ba, hoton wuya na na'urar sauti yana taimakawa, domin a Graves jini kan cika gilan ɗin maƙil, a kumburin bayan haihuwa kuwa ba haka ba. Hoton da ake yi da sinadari mai tururin nukiliya ba ma son sa ga mai shayarwa.

Ina nanata wannan ne saboda na ga illar gaggawa ta ɓangare biyu, ɗaya ma daga hannuna. A farkon aikina wata mai jego ta zo min da kukan rashin barci da faɗuwar gaba. Ga layi a waje, ga jariri yana kuka a cinyarta, sai na yanke cewa gajiyar reno ce da damuwa, na ba ta baki na sallame ta. Bayan kamar mako shida ta dawo, zanen da take ɗaurawa ya yi mata yawa, zuciyarta tana bugawa ba bisa tsari ba. Ban ƙirga bugun hannunta a zuwan farko ba, abin da bai fi minti ɗaya ba. Tun daga ranar, duk mai jegon da ta ce min gabanta na faɗuwa sai na ƙirga, sannan in sa ta miƙe hannuwa in ɗora fallen takarda a bayansu. In akwai rawa, ko ido bai gani ba takarda za ta nuna. Ta biyun kuwa an turo min ita ne bayan an ɗora ta kan maganin rage homon alhali nata kumburin bayan haihuwa ne. Maganin bai tsinana komai ba lokacin da ajiya ke zuba, da ta ƙare kuma sai ya haɗu da raunin gilan ɗin ya danne ta, ta zo ko ɗaukar ɗanta ba ta iya yi don kasala.

Magani

Ko wanne ne daga cikin biyun, akwai maganin da ke kwantar da bugun zuciya da rawar hannu cikin kwana ɗaya ko biyu, mafi shahara shi ne firofanolol. Ba ya taɓa tayirod, kunnen zuciya yake toshewa don kada ta ji ihun adirenalin. Mai asma ba ta shan sa, don haka ki faɗa in kina da ita. In kumburin bayan haihuwa ne, sau da yawa wannan kaɗai ake bayarwa, sai a riƙa maimaita gwaji duk mako huɗu zuwa takwas don a tare faɗuwar in ta zo.

In Graves ce, hanya uku ce. Ta farko ƙwaya, kabimazol ko ɗan'uwansa metimazol, masu hana tayirod haɗa sabon homon. Tunda ba sa taɓa wanda aka riga aka tara, kuma T4 kan yi kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a ji canji sosai. Mutane da yawa a nan suke karaya su ce magani ba ya aiki. Ana shan sa wata 12 zuwa 18, ana rage adadin a hankali, in an daina kuma kusan rabin masu cutar takan dawo musu. Gargaɗi ɗaya nake so ki haddace: a cikin mutane kaɗan, ƙasa da ɗaya cikin 100, maganin yakan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Duk ranar da kika ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ki dakatar da shi, a auna jininki a ranar, kada ki jira gobe. Haka in idonki ya yi ruwan ɗorawa ko fitsari ya yi duhu.

Ta biyu aidin mai tururin nukiliya, wanda Saul Hertz ya fara amfani da shi a Boston a 1941. Dabarar tana da kyau: tunda tayirod ta fi kowane sashe na jiki kwasar aidin da riƙe shi, ita ce za ta haɗiyi abin da zai ƙone ta. Amma sam ba a ba mai ciki da mai shayarwa, kuma bayan an sha sai an jira aƙalla wata shida kafin ɗaukar ciki, saboda haka ba naki ba ne a yanzu. Ta uku tiyata, ga mai babban maƙoƙo ko wadda ƙwaya ta ƙi karɓa. Tana buƙatar gwanin hannu, domin jijiyar murya tana bin bayan gilan ɗin, ga kuma wasu 'yan mitsi-mitsin gilan huɗu a maƙale da ita masu kula da kalsiyam na jini. Waɗannan hanyoyi biyu na ƙarshe yawanci suna ƙarewa ne da shan ƙwayar lebotairoksin, mai maye gurbin homon ɗin tayirod, kullum har ƙarshen rayuwa. Mutane na jin tsoron wannan, ni kuwa a ganina ciyar da doki mai sanyi ya fi kama wanda ya ƙwace sauƙi nesa. Theodor Kocher, gwanin tiyatar maƙoƙo na birnin Bern, ya lura a 1883 cewa waɗanda ya cire wa gilan ɗin gaba ɗaya sun koma masu sanyin jiki da nauyin tunani, kuma a lokacin ba shi da abin ba su. A 1891 George Murray a Ingila ya fara yi wa wata mata allurar ruwan tayirod na tunkiya ta farfaɗo. Yau ƙwaya ɗaya ce da safe.

Maganin ƙawarki

Kada ki sha. Kwalbar da aka ce tana daidaita homon, ki tambaye ta: wanne daga cikin hamsin ɗin, sama za ta kai shi ko ƙasa? Abu ɗaya ba zai ɗaga na mai ƙaranci ya kuma sauke na mai yawa ba. Mai daidaitawa na gaskiya yana gindin ƙwaƙwalwarki, kuma takardarki ta nuna yana iya bakin ƙoƙarinsa.

Ba asarar kuɗi kaɗai nake jiye miki ba. Da yawa daga cikin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da ciyawar teku mai tarin aidin, wanda ga mai Graves kamar zuba wa wuta fetur ne. Wasu an sha samun garin tayirod na dabba a ciki. Sannan akwai bayotin, da ake sawa a magungunan gyaran gashi da farce, kuma masu jego na yawan sha saboda zubar gashin bayan haihuwa. Shi ba ya taɓa tayirod, amma yana ruɗa wasu na'urorin gwaji har su nuna TSH a ƙasa T4 a sama ga mai lafiya lau. In kina shan irinsa, ki gaya wa likitanki, ki dakata kwana biyu zuwa uku kafin gwaji na gaba. Alamunki sun yi ƙarfin da ba na zaton shi kaɗai ne, amma yana iya ɓata lissafin adadin magani.

Wanda na fi tsoro shi ne wanda za a kawo miki don ramar nan, maganin sa ƙiba. Da yawansu suna ɗauke da dezametason ko danginsa, wato jabun kotisol. Dokar mahayi da doki tana aiki a nan ma: fituwitari ta ji kotisol ya cika jini, sai ta daina zaburar adirinal, adirinal ta kwanta ta shanye. Fuska ta yi fam, ciki ya fito, suga da hawan jini su biyo baya. Ranar da aka daina sha kwatsam kuwa, jiki ba shi da nasa ba shi da na aro, mutum na iya faɗuwa. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan, a hankali ake zare masa ƙarƙashin kulawar likita. Ramarki za ta cike da kanta idan dokin ya tsaya, har ma sai kin kula da cin abinci a lokacin, domin yunwar kan fi ƙonawar jinkirin tafiya.

Nono, da ciki na gaba

Ba sai kin yaye ba. Firofanolol da kabimazol a matsakaicin adadi kaɗan ne ke ratsawa cikin nono, kuma an daɗe ana ba masu shayarwa. Mukan raba maganin kashi biyu ko uku a yini, a sha da zarar yaro ya gama tsotso, a kuma ci gaba da auna nauyinsa kamar kullum. Gishiri mai aidin na girki ki ci gaba da amfani da shi yadda kika saba, domin mai shayarwa tana buƙatar wajen maikurogiram 250 a rana, ƙwaƙwalwar yaro ma da shi take ginuwa. Ƙari a kan wannan ne ban yarda da shi ba sai da sanin likita.

Ciki na gaba ne ke son shiri. Ɗaukar ciki alhali homon yana sama yana ƙara haɗarin ɓari da haihuwa kafin lokaci, kabimazol kuma a wata ukun farko an danganta shi da wasu nakasu ga jariri, shi ya sa akan canza zuwa wani da ake rubutawa PTU. Jabun mabuɗin ma yana iya ratsa mabiyiya ya zaburi tayirod ɗin ɗan tayi. Don haka ki tattauna hanyar tazara da likitanki har lambobin su zauna. In kuma kumburin bayan haihuwa ne, yakan dawo bayan haihuwa ta gaba, sai a sa ido tun da wuri. Cutar ba ta hana haihuwa idan an kama ta.

Ni dai daga nesa nake magana. Ban taɓa wuyanki ba, ban ƙirga bugun hannunki ba, ban kalli idonki ba, kuma lamba ɗaya kika karanto min. Wanda ya yi waɗannan shi ke da ta cewa a kan adadin magani. Abin da ba ya jiran ranar ganin likita shi ne zazzaɓi mai zafi tare da bugun zuciya da ya haura 140 a minti, ko amai da gudawa, ko ruɗewa, ko numfashi sama-sama. Wannan sashen gaggawa ne, ko da tsakar dare. Ciwon ido ko ganin abu bibbiyu shi ma ki kai da wuri, kuma hayaƙin taba, naki ko na wanda kuke ɗaki ɗaya, yana tsananta ciwon idon Graves.

Idan kin koma, ki tafi da duk kwalbar da kike sha, har da ta gashi, ki tambayi T4 da T3 ɗinki, ki tambayi ko za a iya yin TRAb. Sannan ki sani, bayan kin fara magani jikinki ya dawo, T4 ya sauko daidai, za ki iya duba sabuwar takarda ki tarar TSH yana nan ƙasa har wata biyu ko uku ko fiye. Mahayin da doki ya taɓa ƙwace wa yakan daɗe kafin ya sake kai ƙafa ga ƙaimi, shi ya sa a watannin farko T4 muke bi wajen rage magani.